Abin da Ke Cikin Fayil ɗin Garba

Ranar wata Talata ce a farkon damina. An yi ruwa da asuba ya ɗauke, gari ya waye da laima, ƙasa ta yi taushi yadda masu huɗa suke so. Ni ba na noma. Tun da na bar makaranta na taɓa faci, na taɓa sayar da katin waya, a lokacin kuma ina kabu-kabu da babur tsakanin ƙauyenmu da Kucheri da Tsafe. Ina tsugune a bakin titi ina kankare taɓo daga tayar baya sai ga Zulai, matar Garba, ta ɓullo daga hanyar ruga da gudu, ko mayafi babu.

Garba abokina ne tun muna yara. Mutanensu makiyaya ne, amma sun daɗe a gefen ƙauyenmu, suna noma gero da dawa kamar kowa. A ranar yana ɗora wa shanun huɗa karkiya, wani sabon bijimi da bai saba ba ya juyo ya soke shi da ƙaho a ƙasan mara. Na same shi kwance a bakin gona, ya naɗe kansa da bargo daga ƙugu zuwa gwiwa, jini ya ɓullo ta bargon. Bai yi ihu ba. Zulai ta ɗaure shi a bayana da igiyar shanu, muka kama hanya.

Da muka shiga Tsafe na karya kan babur zuwa asibiti, sai ya danna min kai a kafaɗa ya ce Gusau. Na ce jini yake zubarwa. Ya ce a asibitin Tsafe ba a rasa ɗan ƙauyenmu, ko mai jinya ko mai dubiya, shi kuwa ba zai bari a buɗe shi inda za a san shi ba. Na bar babur wurin wani mai faci, na samu mota a tasha. A Gusau aka karɓe shi a emajansi, aka shiga da shi tiyata. Washegari da likita ya zo yi masa bayani, likitan ya ce in fita in jira a waje. Na fita.

A makon ne kuma, kwana ɗaya kafin abin ya faru, 'yan bindiga suka tare hanyar da ke bayan ƙauyenmu. 'Yan sa-kai suka bi su, suka dawo suna cewa sun harbi ɗaya a wajen cinya, 'yan uwansa sun ja shi cikin daji. Kafin a sallami Garba, magana ta riga ta haɗu a bakin mutane. Ga Bafillace da rauni a ƙasan ciki, ga shi an tsallake asibitin Tsafe da shi a lulluɓe.

Ƙauyenmu yana da kwamitin tsaro da ke zama a zauren mai gari. Alhaji Shehu ne shugaba, mutum mai sanyin magana wanda aka kashe wa ƙane a gona bara. Suka kira ni, na faɗi abin da na gani. Alhaji Shehu ya tambaye ni ko ina wurin lokacin da bijimin ya yi sukar. Na ce a'a, bayan nan na iso. Wani daga baya ya ce ai Lukuman, wato ni, ko aljani ya tsayar da shi zai ɗauka in dai zai biya, aka yi dariya, shaidata ta ƙare a nan. Da Garba ya dawo aka nemi ya nuna raunin ga dattawa biyu. Ya ƙi. Alhaji Shehu ya ce ko ya nuna ma ɗinki ba ya faɗin abin da ya huda mutum, takardar asibiti ce kawai za ta raba gardama.

Anas, sakataren kwamitin, malamin firamare ne, kuma ba ya ƙin Garba. Shi ya kawo maganar dokar 'yancin samun bayanai. Ya ce akwai doka da ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takarda daga ma'aikatar gwamnati, asibitin kuwa na gwamnati ne. In fayil ya nuna ƙaho ne, magana ta mutu. Ya rubuta wasiƙa da Turanci, mai gari ya buga hatimi, ni na kai Anas Gusau.

Aka tura mu wani ƙaramin ofishi mai cike da kantoci. Matar da ke wurin, Malama Sa'adatu, ta karanta wasiƙar tana cin gyaɗa. Ta ce za a ba mu amsa a rubuce, amma ta san abin da amsar za ta ƙunsa. Dokar da Anas ya ambata ita ce da kanta ta cire bayanan marasa lafiya daga abin da ake bayarwa. Za a iya gaya masa yawan mutanen da emajansi ta karɓa a wata, ko yawan gadaje, amma ba abin da ke jikin wani mutum ba.

Anas ya ce, "Malama, ran mutum ne a ciki. Kalma ɗaya muke so, ƙaho ko harsashi."

Ta ce, "Malam, ko cewa ya kwanta a nan ba ni da iznin gaya maka. Gobe wani ne zai zo da hatimi yana neman na matarka."

Ta ce hanya ɗaya ce, mai fayil ya zo da kansa. In ya sa hannu, a ba duk wanda ya ce. In kuma ba ya son a ga komai da komai, likita yana iya rubuta masa gajeriyar takarda da ta faɗi sanadin raunin kawai.

Amsar asibiti ta iso kamar yadda ta faɗa. A zauren mai gari akwai ƙa'ida tun lokacin da aka fara zargin cewa a cikin kwamitin ma akwai masu kai wa 'yan daji labari: duk takardar da ta zo da sunan kwamiti, sai a karanta ta da ƙarfi daga farko har ƙarshe, a fassara, kowa ya ji da kunnensa. Ba a yarda mutum ɗaya ya karanta ya ce ga abin da ke ciki ba. Anas ya karanta, ya fassara. Mutane ba su riƙe maganar doka ba. Abin da suka riƙe shi ne asibiti ta ƙi faɗa, kuma da ƙaho ne, wa zai ɓoye ƙaho?

Na je ruga na gaya wa Garba zancen gajeriyar takarda. Yana tafiya a lokacin da sanda, ƙafafu a ware. Na ce masa ka ga Bafillacen da saniya ta kayar, ya ce gara shi, ni babur ɗin wani nake wa bauta. Muka je Gusau, likita ya rubuta layi biyu ya buga hatimi: rauni daga ƙahon dabba. Muka dawo da ita kamar mun gama.

Alhaji Shehu ya juya takardar gaba da baya. Ya ce bai ce ƙarya ce ba, amma takardar da wanda ake zargi ya kawo da hannunsa ba za ta kwantar wa mutane da hankali ba, kowa ya san ana samun irinta. Abin da kwamiti yake so shi ne fayil ɗin gaba ɗaya, wanda aka rubuta a ranar da aka kawo shi, ya fito daga hannun asibiti zuwa hannun Anas. Garba ya sa hannu kawai. Anas ya roƙi a bar shi shi da liman su duba su biyu. Aka ce ba a yi wa kowa haka ba, ba za a fara a kan wannan ba. Aka ba Garba zuwa Juma'a ta sama. In bai sa hannu ba, ba shi ba kasuwa, ba Zulai ba tallar nono, ba shanunsa ba mashaya, kuma kwamiti ba zai ɗauki alhakin abin da samari za su yi ba.

Baba Tambaya, mahaifin Zulai, shi ne wakilin ruga a zauren. Ya miƙe ya ce surukinsa zai sa hannu, shi ya ɗauki wannan. Garba yana zaune a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, don ba ya haɗa ido da surukinsa ko a gida.

A hanyar komawa ya ce in tsaya a gindin wata ɗorawa. Ya sauka a hankali ya jingina da ita. Na fara yi masa faɗa, na ce sa hannu ɗaya ne, yau a karanta gobe a manta. Ya bari na gama.

Ya ce, "Ka san abin da likita ya ce ranar da ya kore ka waje? An cire abin da aka cire. Ya ce haihuwa sai dai wani iko na Allah. Duk yana cikin wagga takarda da suke so."

Aurensu bai kai shekara ba.

Ya ce, "Zulai ta sani. Na ce mata in tana son tafiya ba zan riƙe ta ba, ta ce in daina wannan zance. Amma Baba yana zaune a zauren nan. Anas zai karanta da Turanci, ya juya da Hausa, a gaban Baba da samarin gari. Kafin la'asar Baba ya zo ɗaukar 'yarsa, kuma ba wanda zai ce bai yi daidai ba."

Na ce ko in je in gaya wa Anas a ɓoye. Ya ce Anas ba zai iya tsallake layi ba, akwai masu jin Turanci a cikin samarin, in suka kama shi shi ma ya shiga zargi. Ya kuma ce abin da ya gaya min a gindin ɗorawar nan ya tsaya.

Sauran kwanakin na yi ta zirga-zirga ba tare da wani amfani ba. Na koma wurin Malama Sa'adatu na tambaye ta ko za a iya bayar da shafin farko kawai. Ta ce za a iya, in mai fayil ya ce haka. Na kai wa Alhaji Shehu wannan, ya ce wanda ya zaɓi shafin da za a gani ai shi ya zaɓi wanda za a ɓoye. Baba Tambaya ya aika wa Garba dattawa har sau biyu. Ya aika a kira Zulai, ta je ta durƙusa ta saurara, ta ce ita ba ta san komai ba sai cewa bijimi ne, ta tashi ta koma ɗakinta.

Ran Alhamis da hantsi Garba ya kwance bukka. Yana da kawu a wajen Karakkai, can ƙasar Bungudu, wanda ya ce su zo. Wani makiyayi ya kora shanun ta daji, shi da Zulai da ƙwaryoyinta suka hau motar itace. Ni na bi su a baya da buhun dawa da tabarmi. Baba Tambaya bai fito ba. Ran Juma'a Anas ya sanar a zaure cewa Garba ya bar gari ba tare da sa hannu ba, mutane suka ce to ga shi nan.

Makonni bayan haka na shiga Gusau kai wani fasinja, na leƙa ofishin Malama Sa'adatu. Ta gane ni. Na ce mutumin ya tashi daga garin. Ta ce wane mutum, ta ci gaba da jera fayiloli, ni kuma na juya na fito.

Yanzu na bar kabu-kabu, ina lodin yashi a Bungudu, nakan je wurinsu jefi-jefi. Kawun ya ba su gefen fili. Zulai tana kai nono Karakkai. Garba ya ajiye sanda, kuma a can ba wanda ya tambaye shi komai.

Abin da suka rasa shi ne gonar gero da ya shuka bai girbe ba, rumbu biyu da aka ƙone bayan tashinsu, maraƙi ɗaya da ya mutu a hanya, tumaki huɗu da suka ɓace a daji, da gaisuwar da ke tsakanin Zulai da mahaifinta.