Tuffa Mai Kafaɗa Ɗaya

Shekara hamsin ina wuce ƙofar gidan Thorold a mota ban taɓa shiga ba. Daga titi ba a ganin komai sai ginshiƙan dutse biyu da doguwar hanya mai itatuwa hagu da dama. Sunana Noeleen Quill, aikin jinya na yi a Hobart, babban birnin tsibirinmu, har na ajiye. Wata Lahadi cikin Afrilu, lokacin tsinkar tuffa, na ga an rataye allo a jikin ginshiƙi cewa an buɗe gida da lambu ga masu son gani. Na wuce na ɗauko yayana Terrence, na haɗa mana burodi da cuku da tuffa biyu daga bishiyar bayan gidana.

"Me za mu gani?" in ji shi. "Kujerun mutane?"

"Yaya, shiga mota kawai. Ka fi wata guda ba ka je ko'ina ba."

Tun kafin mu isa ya cinye tuffarsa, yana ci yana yamutsa fuska kamar yadda ya saba.

Mu goma sha ɗaya muka taru a baranda. Wadda ta fito ta zaga da mu ita ce matar gidan da kanta, Misis Philippa Thorold, tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu, doguwa, da takalmin roba duk laka. Ta ce kakan kakan mijinta ne ya gina gidan, ɗaki ashirin da biyu, ita kuma uku take amfani da su tun rasuwar mijin. A babban falo akwai bokiti a ƙarƙashin inda rufi ke yoyo, dab da wani fiyano da aka lulluɓe da bargo.

Ni dai bakina bai huta ba. Wa ke goge tagogin nan? Ina waccan matakalar ta nufa? Me ya sa ƙofar nan ta fi sauran gajarta? Ta amsa mini duka ba ta gaji ba. Gajeriyar ƙofar ta ma'aikata ce, matakalar kuma ta kai ɗakunansu a can ƙarƙashin rufi.

"Ki bar baiwar Allah ta numfasa mana," Terrence ya raɗa mini.

A lungun da ya nufi kicin aka jera ƙananan zane-zane na furanni da 'ya'yan itace. Sauran baƙi suka wuce, ni na tsaya cak a gaban guda ɗaya. Tuffa ce aka zana, cikakkiya ɗaya da rabi a gefenta. Kafaɗarta ɗaya ta fi ɗaya tsawo, fatarta kore mai kaushi, kuma a jikin rabin da aka yanka, wajen ƙwallayen, akwai ja-ja kamar an ɗiga mata jini an goge.

"Yaya, zo ka gani. Tuffarmu ce."

"Tuffa duk tuffa ce, Noeleen."

"Dubi kafaɗar. Dubi cikin."

Ya sa tabarau, ya matso ya ƙura wa zanen ido. Misis Thorold ta dawo neman mu, ta ce, "Adelaide Thorold, ɗaya daga cikin kakannin mijina, ita ce ta zana, shi ya sa ake kiran tuffar da sunanta. A lambun nan kaɗai ta taɓa tsirowa. Gobarar daji ta shekarar sittin da bakwai ta cinye bishiyar, irin ya ƙare ke nan."

"Bai ƙare ba," na ce. "Akwai ta a bayan gidana a Sorell."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Yarinya, duk shekara sai wani ya gaya mini haka. Bara wani ya zo mini da tuffar kanti a cikin hula."

Shekarata sittin da shida, na jima ban ji an ce mini yarinya ba. Na zuge jaka na ciro ragowar tuffar na miƙa mata. Ta juya ta a hannu, ta shafa kafaɗar da babban yatsa, ta shinshina. Sai ta ƙwala wa surukarta kira ta ce ta ci gaba da sauran baƙi. Ta ce mu biyo ta.

Muka bi ta ƙofar baya muka shiga lambun da aka kewaye da katangar jan bulo. Kabewa na kwance a kunya-kunya, furannin kaka sun fara sunkuyawa, ƙudan zuma na ta kai da komo. A kusurwar da rana ke bugawa akwai fili babu komai sai ciyawa, bulon katangar wajen kuma har yanzu baƙi ne. Ta zauna a benci, ta ciro wuƙa daga aljihu ta raba tuffar biyu. Jan yana nan wajen ƙwallayen.

Ta yanki kaɗan ta sa a baki, ta tauna a hankali. Fuskarta ta yamutse.

"Kai, tsami!"

"Ai na sha faɗa," in ji Terrence. "Shekara saba'in ina cin abin nan don dole."

"Ba a cin ta yanzu," na ce. "Sai an ajiye ta a wuri mai sanyi har Yuni, lokacin take zaƙi."

Ta ɗora wuƙar a cinya. "A cikin ciyawa busasshiya, a ɗakin ƙasa. Haka uwar mijina take yi. Shekara huɗu na ci ta ina amarya, sannan wuta ta zo." Ta share ido da bayan hannu, ta juyo. "To ina kuka samo ta?"

Na gaya mata abin da na sani. Duk inda danginmu suka koma, sai sun yanki reshe sun yi wa wata bishiya aure da shi, wato su ɗaure shi a jikinta har ya kama. Mahaifinmu ya yi, kakanmu ya yi. An ce asalinta daga kakan kakanmu ne, wani matuƙin jirgin ruwa da ya zo da ita daga Ingila.

"Yaya sunansa?"

"Josiah Quill."

Ta fashe da dariya har da tari. "Matuƙin jirgi! Jirgi kam ya hau, amma a can ƙasan jirgin, da sarƙa a ƙafa. Josiah Quill fursuna ne da aka koro daga Ingila, gwamnati ta ba gidan nan shi ya yi aiki. Shekara tara yana kula da lambun nan. Shi ya shuka ƙwallon da ya zama tuffar, Adelaide zane kawai ta yi."

Terrence ya miƙe tsaye. "Fursuna? Kakarmu har hoton jirgi ta rataye a falo!"

"Duk kakannin tsibirin nan matuƙa jirgi ne, in ka tambayi tsofaffi," in ji ta. "Zauna, malam, ba a kanka farau ba."

"Me ya yi?" na tambaya, ba don kunya ba, sai don son ji.

"Mijina ya ce agwagwa ya sata. Biyu."

Terrence ya koma ya zauna. Can ya ce, "Biyu ma. To da sauƙi, na ɗauka kisa ne."

Cikin Agusta, ana tsakiyar sanyi, Misis Thorold ta zo Sorell da wuƙarta da tsumma mai ɗanshi. Ta tsaya gaban bishiyar, tsakanin igiyar shanya da tankin ruwa, ta ce wanda ya yi mata aski bai san aikinsa ba. Terrence ne ya yi askin. Ta yanki rassa goma sha biyu, ta sha shayi a kicin ɗina, ta tafi. A Oktoba ta buga waya ta ce biyar sun kama, sun fitar da ganye.

Terrence kuwa, wanda ya fi kowa jin haushi, shi ya koma kwana da tashi a ma'ajiyar tsofaffin takardu ta Hobart. Ya samo shafin Josiah a kundin fursunoni. Gajere ne, mai tabo a haɓa, ya iya karatu amma bai iya rubutu ba. Agwagin uku ne. Akwai kuma layin da ya ce an yi masa bulala ashirin da biyar bisa ƙarar maigidansa Thorold, saboda ya bar lambu yini guda ba izini.

Na yi kwana biyu ina tunanin ko in nuna mata, sannan na kai. Ta karanta sau biyu a tsaye a baranda.

"Wannan ba a taɓa faɗa mana ba," ta ce. "Ki bar mini takardar. Zan riƙa karanta wa masu zuwa."

"Ina ya je ranar, a ganinki?"

"Yarinya, namiji ɗan shekara ashirin da huɗu, ya san za a dake shi, ya tafi duk da haka. Ke ma kin sani."

Ta yi gaskiya. Bayan wata biyu Terrence ya gano cewa Josiah ya nemi izinin auren wata fursuna mai suna Honora Teague, wadda ke wanki a wata gona mil bakwai daga gidan Thorold. Sau biyu aka hana shi, a na uku aka yarda. Shafin Honora ya jiƙe, rabinsa ba ya karantuwa, don haka ba mu san abin da ya kawo ta ba tukuna. Terrence ya rubuta wa wani coci a Ireland, ƙasar da ta fito, muna jiran amsa.