Matakalar Gidan Kansila

Muntaka bai tsaya karɓar canji ba, ya dira daga kan acaɓa ya kutsa cikin taron da ya cika layin. Benen nan mai hawa uku shi ya zana shi, gida shida a filin da a da iyali ɗaya ke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi. Saƙon da ya iske shi a ofis gajere ne: mahaifiyar Alhaji Lawan ta rasu, kuma Alhaji ya ce ya zo ko a wane hali yake.

Alhaji Lawan ɗan kwangila ne da ya zama kansila da sojoji suka koma bariki. Tun daga lokacin ba ya fita sai da 'yan banga, samari marasa aikin yi masu jajayen idanu. Suna tsaye a bakin ƙofa. Ɗayansu ya dafa kafaɗar Muntaka ya ce, "Injiniya, sannu da zuwa. Kai ake jira."

Muntaka ya shiga. Ya fara hawa, kafaɗunsa na gogar bango dama da hagu. Ya san wannan matakala. Da faɗi ya zana ta, Alhaji ya ce a rage a fitar da shaguna biyu a ƙasa. Ya yi musu sau ɗaya, Alhaji ya ɗaure fuska, shi kuwa ya ɗauki magogi ya goge. Haka tsoro yake, ba ya barin mutum ya faɗi gaskiya sau biyu.

A hawa na uku ya tarar da makara a ajiye, Inna Uwani, mahaifiyar Alhaji, a kai cikin likkafani. Doguwar mace ce mai jiki. Tun tana da rai Alhaji da kansa ya hawo da ita nan sama, wai ta sha iska.

"Ga gwanin zane," in ji Alhaji, muryarsa na rawa. "Da ƙyar makarar ta hawo a tsaye, babu kowa a kai. Yanzu ta ƙi juyawa a kwana. Faɗa mini ta inda uwata za ta fita."

"Ranka ya daɗe, ko a tabarma..."

"An gwada," liman ya katse shi. "Sai an tsayar da ita ko an lanƙwasa ta. Ni kuwa ba za a tsayar da gawa kamar buhun gero a gabana ba."

Muntaka ya dubi tagogi. Ƙanana ne, an kafe su da rodi. Daga ƙasa ana jin surutun jama'a yana ƙaruwa, rana tana ɗagawa, kabari kuma tuni an gama shi a Tarauni.

Alhaji ya matso har numfashinsa na dukan fuskar Muntaka. "In azahar ta yi uwata tana nan sama, yaran nan za su sauko da kai, kuma ba ta matakala ba."

Muntaka ya juya ya dubi bayan gidan. Hanya ɗaya ta rage, kuma faɗarta ma abin tsoro ce. "Barandar baya. A zura ta da igiya."

"Zuwa ina?"

"Gidan Malam Audu."

Kowa ya san labarin. Malam Audu tela ne, maƙwabcin baya, wanda ya kai ƙara wurin mai unguwa cewa barandar tana leƙa tsakar gidansa, matansa ba su da sauran sirri. Alhaji ya tura masa yara suka fasa masa keken ɗinki. Da Malam Audu ya ga ba sarki sai Allah, ya rufe rabin tsakar gidansa da langa-langa, iyalinsa suna girki cikin duhu da hayaƙi.

"Kai ka kawo shawara, kai za ka je," in ji Alhaji.

Muntaka ya same shi a zaure ya yi alwala, yana shirin fita jana'izar. Ya durƙusa ya yi bayani, yana jiran zagi. Malam Audu ya dube shi.

"Inna Uwani ce ta yanke wa 'ya'yana cibiya," ya ce. "Ita ba ta yi mini komai ba." Ya juya ciki ya ɗaga murya, "Lami, ku shige ɗaka ku ja labule, maza za su shigo. Miƙo mini guduma da igiyar guga."

Da hannunsa ya ɓalle langa-langar. Haske ya faɗo tsakar gidan.

Mutum huɗu suka riƙe igiyoyi a sama, aka ba Muntaka ta wajen kai. Da makarar ta bar bakin baranda, nauyin ya fizge shi har ƙirjinsa ya daki bango. Igiyar ta fara cin tafin hannunsa. Makarar ta karkata, likkafanin ya ɗan zame, wata mata ta yi salati daga wani ɗaki. Ya ji ɗan banga a bayansa yana numfashi. Bai san abin da yake karantawa ba, bakinsa dai yana motsi, yana sakin igiya kaɗan-kaɗan, jini na bin ta.

"Ta iso," Malam Audu ya ce daga ƙasa. "Ku saki."

Ta zauren tela aka fitar da uwar kansila.

A maƙabarta, bayan an rufe ta an watsa ruwa, Alhaji ya jawo Muntaka gefe. Idanunsa sun kumbura, amma muryarsa ta dawo daidai.

"Injiniya, Allah ya yi maka albarka, ka fitar da ni kunya. Wancan benen na Hotoro da za mu fara, ka faɗaɗa barandar baya, ka sa mata ƙugiya ta igiya. Matakala a bar ta yadda take, shagunan nan suna da amfani."

Muntaka ya tsaya a baya. Ya bari jama'a suka yi gaba. Makarar tana jingine a gindin katanga, ba kowa a kai. Ya tsuguna, hannunsa na zogi, ya fara auna tsawonta da taƙi, yana lissafa faɗin matakalar da za ta bar ta ta juya.