Kile Mai Lamba Goma

Shekara uku Khaulat ta yi tana riƙe da maganar a cikinta kamar garwashi. Mahaifinta Sule direba ne a layin Gaya zuwa Bengu. Wata safiya fitilar gargaɗi ta kama a tabulon motarsa, allon da ke gaban direba, ya kai wa Halidu makaniken tasha. Halidu ya sa kile, ƙarfen kwance noti, ya kwance kan batir, ya ɗan jira, ya mayar. Fitila ta mutu, ya ce ya gyara. Kafin azahar inji ya ƙone a hanya. Da aka zauna a sandika, ƙungiyar direbobi, Halidu ya rantse cewa Sule bai taɓa kawo masa mota ba, sakacinsa ne. Aka cire Sule daga layi, ya koma gonar shinkafa da sunan maƙaryaci. Kowa ya ce ƙaddara, kamar ƙaddara ce ke riƙe da kile.

Khaulat ta gama lise teknik, makarantar koyon sana'a, ta dawo da baliz, na'urar da ke karanta ƙwaƙwalwar mota. Ta yi ta jira, har ranar da ta ji shugaban sandika, Alhaji Harun, yana yabon Halidu ya warkar masa da mota. Ba ta ja shi gefe ba. Ta bari sai ranar kasuwa, tasha ta cika, ta zo da mahaifinta.

"Alhaji, a bar ni in gaisa da motar," in ji Khaulat.

"Ɗiyar Sule!" in ji Halidu yana dariya. "Da wannan talabijin za ki koya mini aiki? Ina cikin inji tun uwarki tana tallar ƙosai."

Ta jona baliz a ƙarƙashin sitiyari, ta ɗaga murya.

"Ba a gyara kome ba, Alhaji. An dai shafe mata ƙwaƙwalwa, kilomita tara da suka wuce. Ga shi a rubuce. Ciwon yana nan, bakinta aka rufe. Ka kai gada ka dawo, in fitila ba ta kama ba, ni zan bar Gaya."

Alhaji ya ja mota, direbobi biyu suka shiga shaida. Da suka dawo, fitila na ci, inji na huci.

"Ƙaramin abu ne," in ji Halidu. Ya buɗe gaban mota, hannunsa ya shiga aljihu da kansa, ya zaro kile mai lamba goma, ya ɗora a kan batir.



"Kai!" in ji wani direba. "Haka ka yi wa tawa ran Litinin!"

"Da tawa!"

Alhaji Harun ya dubi Sule, ya sunkuyar da kai. "Malam Sule, mun zalunce ka. Layinka na nan." Ya juya. "Halidu, kwashe kayanka."

Halidu ya matso kusa da Khaulat. "Ɗiyata, a rufa asiri, na tsufa."

"Ba ni za ka gaya wa ba, Baba Halidu. Ga mahaifina can. Faɗa da ƙarfi, yadda ka yi rantsuwar."

Ya faɗa cewa ƙarya ya yi wa Sule. Ta ce na bayan tasha ba su ji ba. Ya sake faɗa.

Sule ya ce ya yafe. Khaulat ta naɗe wayar baliz ɗinta a hankali, ba ta ce ita ma ta yafe ba.