Ranar Da Aka Ja Gidan Alƙali Haskett

Philena Haskett tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon ƙullun masara a hannu lokacin da cocin garin Marden ya zo wucewa. An cusa gungumai a ƙarƙashinsa, an ɗaura sarƙa, bajimai suna ja, ƙararrawa tana ta kaɗa kanta. Delray za a kai shi, sabon garin da ya tsiro a bakin layin dogo. Kantin Sutter ya riga ya tafi, makaranta ta tafi, likita ma ya ja nasa ɗakin tun kaka. Ginin katako ba ya gardama, a ɗaga shi ne kawai a ja.

Mijinta Orrin yana ciki zaune, ya juya wa taga baya. Kowa Alƙali yake ce masa, har ita.

Shi ya kafa Marden. A keken shanu suka zo wannan fili na Nebraska suna da ƙuruciyarsu, wai ƙasar da ba kowa. Ƙarya ce, da kowa, 'yan asalin ƙasar ne, mutanen Pawnee, aka kora, amma ba a son wannan zancen. Orrin ya sare itatuwan bakin kogi ya gina gidan farko, ya yanka filaye ya raba wa baƙi, ya yi alƙalanci a ƙarƙashin bishiya kafin a gina kotu. Da aka zaɓe shi majalisa sai ya ɗauki rigima guda ya rungume. A da, mai filin kansa kaɗai ke jefa ƙuri'a idan za a zaɓi hedkwatar gunduma. Orrin ya ce wannan zalunci ne, duk namijin da ke da rufi a kansa a cikin gunduma, ko rami ya haƙa a gefen tudu, yana da bakin magana. Ya yi ta fama har dokar ta zauna. Philena ta ji wannan jawabi har ta haddace, tana iya maimaita shi tana tatsar saniya.

Sai jirgin ƙasa ya zo, ya kauce wa Marden, ya bi ta arewa. Masu layin suka kafa wa leburorinsu tantuna a Delray. Ranar zaɓe aka kwaso su keke-keke, mutanen da ba su san sunan kogin ba ma, suka jefa wa Delray. Ba a jima ba suka naɗe tantunansu suka yi yamma.

Mazan Marden suka zo gidan Alƙali da bindigogi a kafaɗa, Cyrus Tolland maƙeri a gaba. Suka ce wa Orrin shi ne mai tabbatar da zaɓen, kalma ɗaya zai faɗa a zubar da ƙuri'un tanti. Philena tana bayan ƙofa tana roƙon Allah ya faɗa.

"Tanti ma rufi ne, Cyrus," in ji Orrin. "Da bakina na faɗa a majalisa."

"To ka ci dokarka da miya, Alƙali," in ji Tolland. Ya tofar da yawu ya fita.

Kotu ce ta fara tafiya, sauran gari ya bi ta. Har 'yarsu Adelia da mijinta suka ja nasu ɗan ɗakin. Adelia ta yi kuka ta ce su zo su matsu tare, Orrin ya rantse ba zai kwana a Delray ƙarƙashin rufin da ba shi ya ɗora ba. Mutumin kirki ne, amma taurin kansa ya fi ƙarfin bayani.

Ran da coci ya tafi, Philena ta ajiye kwanon ta shiga ta tsaya a kan Orrin. Ta daɗe tana haɗiye maganar, yau ta gaji. Ta ce masa sanyi ya kusa, gari ya zama fili, ba likita, ba maƙwabci, ƙafafunsa sun kumbura, ita kuma tari ya kama mata ƙirji.

"Tsoro nake ji, Alƙali. In ɗayanmu ya mutu bayan sanyi ya daskarar da ƙasa, wanda ya rage ba zai iya haƙa kabari ba. Sai dai ya zauna da gawa har bazara."

Orrin ya juyo ya dube ta. Sannan ya ce, in gidan zai tafi, shi ma zai tafi a cikinsa.

Ba wanda ke da bajimai masu ƙarfi sai Tolland, don haka Philena ta zubar da girma ta aika masa. Ya zo, har da gaisuwa, yana tsokana wai ashe Alƙali ma zai ɗanɗana dokarsa. Ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin gidan, ya caka wuƙa a gungumen da ke ƙasan bango, wuƙar ta shige kamar a cikin kabewa. Dariyarsa ta ɗauke. Ya ja Philena gefe ya ce wannan ba gidan katako ba ne irin na yanzu, tsofaffin itatuwa ne aka jera aka liƙe da laka, sun sha damina da yawa. Zamansu wuri guda shi ke riƙe da su.

Ta ji shi sarai. Amma ta san in gidan bai motsa ba, mijinta ba zai motsa ba.

"Ka ja, Cyrus. Don Allah ka ja a hankali."

Aka fitar da gado da tukwane aka loda a keke. Orrin sai da aka yi da gaske ya yarda ya fito ya tsaya da sandarsa. Aka cusa gungumai, aka ɗaura sarƙa, Tolland ya yi wa bajimai tsawa. Gidan ya yi ƙara, ya matsa kamar taku biyu, har zuciyar Philena ta fara sanyi. Sai bangon gaba ya biyo sarƙa, na baya ya tsaya inda yake. Rufin ya lotsa ya zube a tsakiya, bututun hayaƙi ya bi shi. Ƙura ta tashi, ta kwanta.

Abin da ya rage a tsaye kusurwa ɗaya ce da ɗan guntun rufi.

Tolland ya cire hularsa. Ya ce wa Alƙali ya yi haƙuri ya hau keke, akwai ɗaki a bayan maƙerarsa, su zauna iya son ransu. Orrin ko kallonsa bai yi ba. Ya jingine sanda, ya ɗingisa ya nufi tarkacen, ya sunkuya yana neman itacen da zai tokare kusurwar.

Iska ta juyo daga arewa, dusar ƙanƙara ta fara sauka tsilli-tsilli. Tolland ya ce dole ya kora dabbobinsa kafin hanya ta toshe, ya miƙa wa Philena hannu. Ta hau, ta zauna a kan ƙullin kayanta. Daga nan tana hango mijinta yana kokawa da wani gungume, ya ɗaga gefe ɗaya, ya sake, ya kuma ɗagawa. Baƙin ciki ya cika ta, don ita ta ce a ja.

Ta sauko. Ta ce wa Tolland ya sauke mata gado da tukunya, ya gaya wa Adelia suna lafiya. Ta taka ta je ta kama ɗaya gefen gungumen, ya marmashe a hannunta.