Amsar da Madam Rebecca Ta Ba Garba

A shagon ɗinkinmu na Barnawa ba a taka keke ranar Litinin sai an yi zama. Madam Rebecca, mai shagon, ita ta kafa wannan doka. Mukan jera a kan benci da dilar yadi, a kawo ƙosai, ita kuma ta jawo kujerar roba ta shiga tsakiyarmu. A nan ake raba aikin mako, a nan ne kuma kowa yake da ikon ya tambaye ta abin da ya ga dama, ta amsa masa kowa na ji. Ni Jummai na fi kowa cin moriyar zaman nan, don bakina ba shi da linzami.

Kayan 'yan makaranta muke ɗinkawa. Malam Garba ya yanka, ni da Diana mu haɗa, Naomi ta sa maɓalli, Auwal ya goge. Amma ba sai an faɗa ba, in Garba bai ɗaga almakashi ba, sauranmu zaman hira ya kawo mu. Mutumin Tudun Wada ne, shiru-shiru, yana da mata da 'ya'ya biyar, ga tsohuwarsa a gidansa.

A lokacin muna tsakiyar aikin wata babbar makaranta a Romi, wadda ita ce ke riƙe da shagon. Hutu ya kusa ƙarewa, yadi kuwa ko rabi ba a yanka ba. Ranar Juma'a Madam ta je makarantar ta dawo fuska a ɗaure. Ban tambaya ba, amma labarin zuciya a tambayi fuska.

Da muka zauna ranar Litinin, ko ƙosan ba a buɗe ba Garba ya gyara murya.

"Madam, wani kamfani a Kakuri ya neme ni, masu ɗinka kayan 'yan gadi. Suna son amsa gobe. Ni ban so barin nan ba. Abu ɗaya nake so in sani: makarantar Romi za ta ci gaba da mu bayan wannan aikin?"

Na yi tari, na ƙifta wa Madam ido, har na taka ƙafar kujerarta. Me za ta rasa in ta ce ana kan magana? Kalma uku kacal, Garba ya zauna, mu gama aikinmu, sauran kuma Allah ya san yadda zai yi da mu.

Ko kallona ba ta yi ba.

"Ba za su ci gaba ba, Malam Garba," in ji ta. "Ranar Juma'a suka faɗa mini, dama yau na yi niyyar sanar da ku duka. Akwai makarantu biyu da suka ce in kai samfur, ina kuma sa rai, amma babu wanda ya yi mini alkawari. In shawarata kake so, ka karɓi aikin Kakuri. Kana da iyali."

Naomi ta dafe kai ta ce, "Madam, abeg, wa zai yanka mana?"

"Shi ne abin da za mu zauna a kai yanzu," ta ce. "Ku kuka san aikin, ku faɗa mini."

Sai Auwal ya ce ya sha ganin Diana tana yanka wa 'ya'yanta kaya da kanta. Diana ta ce yankan gida daban, na makaranta daban, tana jin tsoron ɓata yadi. Madam ta ce duk abin da ya ɓaci a wajen koyo, a wuyanta yake, ba a wuyan Diana ba. Garba kuwa, da idonsa ya yi ja, ya ce zai roƙi mutanen Kakuri su ba shi zuwa ƙarshen mako, ya fitar da kowane awo a kwali, Diana ta tsaya kusa da shi.

Kowa ya tashi da abin yi, ban da ni da na tashi da fushi. Da azahar, Garba da Auwal sun tafi masallaci, na tarar da Madam a bakin ƙofa tana jiran Keke Napep, samfur a leda a hannunta.

"Madam, kin kyauta ke nan?" na ce. "Mutum ɗaya ya tsira, mu kin bar mu a rana. Wa ya aike ki? Da kin ɗan ja shi da baki har mu gama, wa zai sani?"

"Ke za ki sani, Anti Jummai," ta ce. "Ke da kika yi ta taka mini kujera."

"To, sai me?"

Ta juyo ta dube ni sosai. "Wata rana ke ce za ki zauna a kan bencin nan, da 'ya'yanki a zuciya, ki yi mini irin tambayarsa. Ranar, wace amsa kike so: wadda na ba shi, ko wadda kika so in ba shi?"

Nan take fushin ya sauka, kunya ta hau, a bayanta kuma wani kwanciyar hankali da rabona da shi tun Juma'a. Shagon na iya tsayawa, yana iya faɗuwa, amma ba zai faɗo mini a ka ina barci ba.

Keke ya tsaya. Na karɓi ledar daga hannunta na zaro rigar samfur ɗin na duba wuyanta.

"Wannan ba ɗinkina ba ne," na ce. "Sallami mai keken nan, Madam. Bari in sake miki shi, sannan ki kai musu."