Kwanon Mu'minatu

"Buɗe hannunki," na ce mata.

Mu'minatu ta ƙara dunƙule shi a cikin hijabi. Na kama wuyan hannun na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Lomar tuwon gero ce, ta mulmule ta. Na ɗaga gefen tabarma, ga wasu biyu nan.

"Inna Atu, wallahi na ƙoshi."

"Da mi kinka ƙoshi? Da iska?"

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Malam Lauwali, mai sayar da hatsi a kasuwar Tambuwal. Matarsa ta rasu Mu'minatu na da shekara tara, don haka rabin girmanta a ɗakina ta yi shi. Yarinya ce mai jiki, har 'yan makarantar kwana suka laƙaba mata Randa. Da ta dawo daga kwalejin malamai a Sakkwato sai ta fara barin tuwon dare. Daga nan mai, daga nan nama. A shekara ashirin da uku, tana koyarwa a firamare, ta koma kamar karan dawa.

Abin da ya fi cin raina, duk unguwar babu mai girki kamarta. Ta soya tulin masa ta raba gida-gida, ta tsaya a kanka tana tambayar ko gishiri ya ji. Ita ko ɗanɗane. Makaranta kuwa a ƙafa take zuwa ta dawo, ko an tsayar mata da kabu-kabu.

Dada, kakarta, ta ce sammu ne. Aka yi turare, aka kawo rubutu. Rubutu kam tana shanyewa tas, tunda ruwa ne. Maganin ƙarin jini da uban ya sayo, a makwarara ya ƙare.

Rabi'atu ƙanwar mijina ce, nas a asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa. Ta biyo ta gidanmu kan hanyarta ta zuwa Kebbe ganin iyaye, ta tarar da Mu'minatu cikin rigar sanyi a tsakiyar bazara. Ta riƙe hannunta tana duban agogo, ta yi mata 'yan tambayoyi, sannan ta ce in raka ta zauren Malam.

"Malam, wanga ciwo ne, kuma shina da magani," in ji ta. "Idonta ƙiba shika gwada mata inda babu. Zuciyatta sau arba'in da fuɗu take bugawa cikin minti. Sai an kwantar da ita."

"Asibitin mahaukata? Ɗiyata da ka karantar da ɗiyan mutane?"

"Malam, mai ciwon suga ma kwantar da shi aka yi."

"Sista, mun gode. Allah shi kiyaye hanya."

Sai da Mu'minatu ta yanke jiki ta faɗi a gaban ɗalibanta ya yarda.

Sau ɗaya na je duba ta. Na samu Rabi'atu zaune a gefen gadonta, kofin kunu da madara a tsakaninsu. Ba lallashi, ba faɗa. Hirar ɗinki kawai take yi mata, can sai ta ce, "Saura kurɓi shida." Kofin nan ya ɗauke su kusan awa ɗaya. Bayan ta shanye ma Rabi'atu ba ta tashi ba, don kada ta zagaya ta amayar. In za a auna nauyinta, baya take juya wa ma'aunin, ba a faɗa mata lamba.

"Muguwa," Mu'minatu ta ce mata a gabana. "So kike ki mai da ni saniya."

Na buɗe baki, Rabi'atu ta ɗaga mini hannu. A waje ta ce, "Ba ita ka zagina ba, Yaya. Ciwon ne. In kin rama, shi kinka ba ƙarfi."

Cikin sati biyar kumatunta suka fara dawowa. Sai wani a kasuwar Dogon Daji ya tambayi Malam, a gaban jama'a, ya jikin mai taɓin hankali. Washegari ya shiga mota ya je ya sa hannu a takarda ya ɗauko ta. Likita ya yi magana, Rabi'atu ta bi shi har bakin ƙofa tana roƙon ko sati uku ya ƙara. Ya ce ɗiyarsa ce.

Ni Rabi'atu ta rubuto wa ƙa'idojin, tunda idon Dada ya yi rauni. Abinci kaɗan-kaɗan sau shida a yini. A zauna da ita. Kada a ɗura mata da yawa lokaci ɗaya, zuciyar ba za ta ɗauka ba. Kada a yi faɗa. In ƙafa ta kumbura ko jiri ya taso, a dawo da ita a ranar.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina haɗiye fushina. Na bar wankina, na bar awakina, ina zaune ina ƙirga loma kamar mai gadin rumbu. A na sha biyu ne na buɗe hannun nan.

"Mutane na neman abin da za su sa bakin salati, ke kina wasa da shi!" na ce. "Ki mutu mana, in mutuwa kike so, kowa shi huta!"

Ba ta yi kuka ba. Ta dubi kwanon.

"Inna, kin zaci ba ni jin yunwa? Yunwa nika ji kullum, har mafarkin masa nika yi. Amma in na haɗiye, sai in ji wata murya na ce mini na yi babban zunubi. Ban san yadda aka kashe muryan nan ba."

Na sunkuyar da kai, a nan na ga ƙafafunta. Sun cika, maɗaurin takalmi ya nutse a ciki.

Ko mayafi ban gyara ba na isa zaure.

"Malam, ƙafa ta kumbura. Takarda ta ce yau."

"Kumburi ai alamar jiki ne ka dawowa. Bari Juma'a ta wuce."

"Yau Laraba, Malam!"

"Atu, na ji."

Na kira Rabi'atu. Ta ce a hana Mu'minatu kowane aiki, da safe za ta taho da mota da kanta, in ya so Malam ya kore ta.

Da hantsin Alhamis ina dama fura na ji shara ta bayan katanga. Na ɗaga murya na ce wa ya ba ta tsintsiya. Sharar ta tsaya. Na ɗauka maganata ta ji, sai ga salatin Dada.

Ƙarfe goma motar Rabi'atu ta tsaya, an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Malam ya taso, idonsa jajur.

"Sista, kwana ya ƙare."

Ta daɗe tana dubansa. "Allah shi jiƙanta," ta ce, ta wuce ciki.

A bayan ɗaki na tare ta. "Jiya na ce mata ta mutu."

"Ba bakinki ba ne, Yaya. Zuciyar ta daɗe da gajiya." Ta share fuskarta da gefen mayafi. "Sati uku kawai na roƙa. Uku."

Mu biyu muka yi mata wanka, Dada na zuba ruwa. Malam ya aiko da likkafani daidai na babbar mace. Muka naɗe ta, yadin ya yi mata yawa har aka yanke saura, aka fita da ita kafin azahar.

Da gida ya yi tsit, na koma ɗakin ɗauko butata. Dada na zaune a bakin gado da sauran farin yadin a cinyarta. Ta ninke shi biyu, ta ninke huɗu, tana shafa shi da tafin hannu.