Jawabin Kawu Iddrisu

Kawu Iddrisu ya gama gaida sarakunan Zango, ya koma kan limamai ɗaya bayan ɗaya, alhali ko mutum guda cikinsu ba ya cikin taron. Nasira ta dubi agogon kwamfutarta, ranta ya ɓaci.

Wata da watanni ta yi tana bin Ruwaida, 'yar unguwar Dichemso da ke rubuta manhaja a wani kamfani a Jamus, tana roƙon ta leƙo zaurensu na intanet, inda matasan Zango ke koyon sana'ar ba malami, kowa na lalube. Da ƙyar Ruwaida ta yarda.

"Awa ɗaya zan ba ku ta bidiyo," in ji ta. "In na ji tambayoyi na gaske, zan riƙa zuwa duk Asabar. In surutu ne, na sha irinsa, ba na dawowa."

Tsautsayi ya sa Nasira ta ba da labarin a gida. Kawu, yayan mahaifiyarta, ya ce ina aka taɓa karɓar babbar baƙuwa ba dattijo? Dole ta shigar da shi taron ta wayarsa, yana zaune a shagonsa na atamfa a Ashanti New Town. Kalma biyu kawai zai yi, in ji shi.

Kalma biyu! Ga shi rabin lokacin ya tafi, shi kuwa yanzu ya kamo tarihin kakan Ruwaida da fataucin goronsa.

"Kawu, Allah ya saka da alheri, yara suna jira," in ji Nasira.

Ina! Bawan Allah ya rage ƙarar wayarsa gaba ɗaya don kada wani ya katse shi. Ba ya jin kowa sai kansa.

Saƙon Fadilatu, ɗaya daga cikin matasan, ya shigo: "Sista, lokaci fa." Ita ce ta haɗa wa mamarta manhajar karɓar odar waakye, wato shinkafa da wake, amma da mutum biyu sun yi oda tare sai manhajar ta tsaya cak, kuma duk zauren an rasa mai gane dalili.

Sai hoton Ruwaida ya ɗauke. Ta kashe kyamara.

Haushi ya turnuƙe Nasira. A gidansu ba a katse Kawu, ko mahaifiyarta ba ta taɓa yi ba. Amma ita ce mai taron, maɓallin kowa yana hannunta. Ta danna, ta kashe masa murya.

Bakin Kawu ya ci gaba da motsi, hannu na sama.

"Fadilatu, yi tambayarki," in ji Nasira.

Fadilatu ta yi bayani tana haɗa Hausa da Turanci. Kyamarar Ruwaida ta dawo.

"Yawwa! Nuna min abin da kika rubuta. Sauka ƙasa. Tsaya nan, kin ga inda odar biyu ke karo?"

Tambaya ta bi tambaya har lokaci ya wuce, Ruwaida ba ta ko lura ba. Da za ta fita ta ce, "Sai Asabar."

Da la'asar Kawu ya kira, murya cike da daɗi.

"Ɗiyata, kin ga yadda suka yi tsit? Ko tari babu! Baƙuwar ma na ga tana ta gyaɗa kai. Asabar ki sake sa ni, ban kai kan kakarta ba."

Nasira ta tuna da maɓallin nan na kashe murya.

"Yoo, na ji, Kawu," ta ce. "Zan sa ka."